Wa ke ƙirga ƙazantar da ake tuttulawa a kogunan Ingila?

A ranar 30 ga watan Maris na 2024 aka yi tseren kwale-kwale tsakanin jami'o'in Oxford da Cambridge a Kogin Thames da ke birnin Landan, gasar da ta samo asali tun 1829.

Bisa al'ada, waɗanda suka yi nasara kan ɗauki ɗan wasan da ke riƙe da akalar kwale-kwalensu su cilla shi cikin kogin don murna. Amma a wannan karon sai masu shirya gasar suka yi gargaɗin kada kowa ya shiga ruwan, mai rauni ya rufe rauninsa, kuma kowa ya wanke jiki da zarar ya sauko.

Gargaɗin ya biyo bayan gwajin da wata ƙungiyar kare koguna mai suna River Action ta yi a kusa da gadar Hammersmith. Ta gano cewa ƙwayar cutar E. coli, wadda ake samu a bahaya, ta zarce ƙa'idar ruwan da ya dace a yi iyo a cikinsa nesa ba kusa ba.

Kwana uku kafin gasar, Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila ta fitar da alƙaluman da suka nuna daga inda irin wannan ƙazanta ke fitowa. A shekarar 2023 kaɗai, kamfanonin ruwa sun saki ruwan ƙazantar da ba a tace ba cikin koguna da teku har sau 464,056, na tsawon sa'o'i miliyan 3.6. Idan aka jera sa'o'in nan a kan layi ɗaya, sun haura shekara 400.

Zubar da ƙazantar ba sabon abu ba ne, an fi ƙarni ɗaya da rabi ana yi. Ƙirga ta ne sabo. Shekara goma kafin nan, babu wani jami'i a Ingila da zai iya ba da wannan adadi. Har yanzu kuma ana jayayya a kan wanda ya kamata ya riƙe ma'aunin, da kuma abin da ma'aunin ke aunawa.

Bututu ɗaya, ruwa iri biyu

A yawancin garuruwanmu, kowane gida da ramin masansa, idan ya cika a kira motar kwasa, ruwan sama kuma ya bi kwata. A tsofaffin biranen Turai da Amurka ba haka tsarin yake ba. Ruwan bayan gida da na wanka da na wanke-wanke na bi ta bututu ne a ƙarƙashin ƙasa zuwa matatar da za ta tsabtace shi kafin a mayar da shi kogi. A unguwanni da yawa kuma, wannan bututun ne ke kwashe ruwan saman da ya sauko daga rufin gidaje da tituna.

A Landan, tsarin ya samo asali ne daga bala'i. Kwalara ta kashe mutum fiye da 10,000 a birnin tsakanin 1853 da 1854. A bazarar 1858 kuma, warin Kogin Thames ya kai ga hana 'yan majalisar dokoki sakat a zaurensu da ke bakin kogin. Nan da nan suka amince da kuɗin aiki, aka ɗora wa injiniya Joseph Bazalgette nauyin gina manyan magudanan da za su tare ƙazantar su kai ta gabashin birnin.

Bazalgette ya san cewa ranar da aka tafka ruwa mai ƙarfi, magudanan za su cika. Idan ruwan bai samu mafita ba, zai dawo da baya ya ɓullo ta masan mutane da kan tituna. Don haka ya bar ƙofofi a gefen kogi. Kowace ƙofa na da 'yar katanga a ciki. Muddin ruwan bai kai bakin katangar ba, hanyarsa zai bi. Idan ya tumbatsa, sai ya tsallake ya faɗa kogi kai tsaye, da ruwan saman da bahayan gaba ɗaya.

An tsara magudanan ne don mutum kusan miliyan huɗu. A yau mazauna Landan sun kai kusan miliyan tara, an kuma shafe filaye da lambuna da yawa da kwalta da siminti, ruwan da ƙasa ke shanyewa a da ya koma bututu. Ƙofofin da aka yi don ranar larura sai suka koma buɗewa kusan kowane mako.

Irin waɗannan ƙofofin tumbatsa sun haura 14,000 a faɗin Ingila.

Zubar da doka ta yarda da ita

Abin da ke ba mutane da yawa mamaki shi ne, ba kowace zuba ce laifi ba. Kowace ƙofa na da lasisi daga Hukumar Kula da Muhalli, kuma lasisin ya zayyana sharuɗɗan da za ta iya buɗewa.

Biyu daga cikin sharuɗɗan su ne ginshiƙi. Na farko, dole ruwan sama ko narkewar dusar ƙanƙara ce ta jawo cikar. Idan ƙofa ta zuba a ranar da sama ba ta yi ko yayyafi ba, akwai alamar an karya doka, kuma ɓarnar ta fi muni domin babu ruwan saman da zai tsarma ƙazantar. Na biyu, kowace matata na da adadin ruwan da dole ta ci gaba da tacewa a kowace daƙiƙa kafin a ba ta damar karkatar da ragowar. Idan ta fara zubarwa alhali ba ta kai wannan adadin ba, ko don injin ya lalace ko don an bar matatar ta yi wa jama'ar yankin kaɗan, wannan ma laifi ne.

A takarda dai babu ruɗani. Wahalar ita ce tabbatarwa. Yawancin ƙofofin na ƙarƙashin ƙasa ne ko a lungun da ba mai zuwa, kuma sukan buɗe ne da tsakar dare ko ana tsaka da ruwa. Kafin wani jami'i ya iso, kogi ya tafi da shaidar.

An ba kura ajiyar nama

A 1989 gwamnatin Margaret Thatcher ta sayar da hukumomin ruwa na Ingila da Wales ga 'yan kasuwa, bayan ta yafe musu basussukan da ke kansu. Aikin sa ido ya rabu gida biyu. Hukumar Ofwat ce ke duba farashi da harkar kuɗi, hukumar muhalli kuma ke duba abin da ake zubawa a ruwa.

A 2009 aka yi wani sauyi da daga baya ya zama abin ce-ce-ku-ce. A maimakon jami'an hukuma su riƙa zuwa matatu suna ɗibar ruwan da aka tace don gwaji, sai aka miƙa wa kamfanonin aikin: su ɗiba, su gwada, su kawo sakamako. Hujjar ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ke gurɓata ruwa shi ya kamata ya biya kuɗin gwaji.

Abin da ya faru a kamfanin Southern Water, mai kula da kudu maso gabashin Ingila, ya nuna inda wannan amana ta kai. A 2019 Ofwat ta gano cewa an shafe shekaru ana murɗa gwajin a wasu matatun kamfanin. Ƙa'ida ta ce idan mai ɗibar ruwa ya zo ya tarar babu ruwan da ke fita daga matata, ba za a rubuta cewa ta faɗi gwaji ba. Sai aka riƙa shirya yadda ruwan zai ɗauke daidai lokacin da ake sa ran zuwansa, har da kwashe ruwan a tankoki zuwa wani wuri. Hukuncin ya kai fam miliyan 126, akasarinsa kuɗin da aka mayar wa masu biyan kuɗin ruwa.

Shekara biyu bayan haka, a watan Yulin 2021, wata kotu a Canterbury ta ci kamfanin tarar fam miliyan 90 bayan ya amsa laifuka 51. Tsakanin 2010 da 2015 ya saki ƙazanta ba bisa ƙa'ida ba sau 6,971 daga wurare 17, abin da aka ƙiyasta ya kai lita biliyan 16 zuwa 21, ciki har da gaɓar tekun da ake kiwon kawa don ci. A yayin binciken, an samu wasu ma'aikatan kamfanin da laifin kawo wa jami'an hukuma cikas.

A lura da tazarar: laifin da aka fara a 2010, sai a 2021 aka yanke masa hukunci.

Kafin nan, a 2017, kamfanin Thames Water ya sha tarar fam miliyan 20.3 kan zuba fiye da lita biliyan ɗaya a Kogin Thames da rassansa, lamarin da ya kashe kifaye da tsuntsaye.

Na'urar da ta san lokaci, ba ta san yawa ba

A 2013 ministan da ke kula da ruwa a lokacin, Richard Benyon, ya rubuta wa kamfanonin cewa su sanya na'urorin sa ido a mafi yawan ƙofofinsu. Gwamnati ta ce a 2010 kashi 7 cikin 100 ne kacal ke da na'ura. Sai a ƙarshen 2023 aka kammala sanyawa a dukkansu.

Aikin na'urar ba shi da sarƙaƙiya. Ana maƙala ta a saman 'yar katangar nan, tana auna tsawon ruwan duk bayan minti biyu ko minti 15. Idan ruwan ya haura katangar, sai ta rubuta lokacin da aka fara zuba. Idan ya sauka, ta rubuta lokacin da aka daina. Bayanan na zuwa wurin kamfani ne, shi kuma ya haɗa rahoto ya miƙa wa hukuma kowace shekara.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mai karanta waɗannan alƙaluma ya sani.

Na farko shi ne yadda ake ƙirgen. Duk abin da ƙofa ta zubar a sa'o'i 12 na farko, ko sau goma ta buɗe ta rufe, zuba ɗaya ake rubutawa. Daga nan kuma, kowane zango na sa'o'i 24 da aka samu zuba a cikinsa ana ƙara ɗaya. Ke nan zubar minti biyar da ta sa'o'i 12 matsayinsu ɗaya a lissafi.

Na biyu, kuma shi ne babban giɓi: na'urar ba ta auna yawan ruwan. Ƙaramin bututun ƙauye da ke ɗiga na sa'a ɗaya da ƙatuwar ƙofar birni da ke ambaliya na sa'a ɗaya duk sa'a ɗaya aka rubuta musu. Misali ɗaya ya isa. A ranakun 3 da 4 ga Oktoban 2020, matatar Mogden da ke yammacin Landan, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da ake auna yawa, ta saki fiye da lita biliyan biyu a Kogin Thames. A tsarin ƙirgen nan, wannan bai wuce zuba biyu ko uku ba. Kamfanonin na cewa na'urar auna yawa na da tsada da wahalar sanyawa a tsofaffin magudanai. Masu fafutuka kuma na cewa rashin wannan adadi kamfanonin yake amfana.

Na uku, sama ce ke juya alƙaluman. A 2022, shekarar da aka yi ƙarancin ruwa, an ƙirga zuba 301,091 na sa'o'i miliyan 1.75. A 2023, da aka yi ruwa sosai, sa'o'in suka ninka. A 2024 yawan zubar ya ɗan ragu zuwa 450,398, amma sa'o'in suka ɗan ƙaru zuwa miliyan 3.61. Kowane ɓangare na iya ɗaukar adadin da ya yi masa daɗi: kamfani ya ce an samu sauƙi, ɗan adawa ya ce abin ya ta'azzara, kuma duka biyun daga rahoto ɗaya suke karantowa.

Ga kuma ita kanta na'urar. Batir kan mutu, sadarwa kan yanke, tsummoki da kitsen da ke yawo a magudana kan rufe mata ido. Shi ya sa rahoton shekara ke nuna kashi nawa cikin 100 na shekarar kowace na'ura ta yi aiki. Duk zubar da ta auku na'ura na kwance, babu ita a lissafi.

Duk da haka, samun na'urar ya fi rashinta. A Scotland, inda kamfanin ruwa mallakar gwamnati ne, ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ƙofofin ne ake bayar da rahotonsu a 2022. Alƙalumansu sun fi na Ingila kyan gani, amma ƙarancin ƙirge ne ya sa.

Farfesan da ya tono abin da hukuma ba ta gani ba

Wanda ya fi kowa nuna raunin tsarin ba jami'in gwamnati ba ne. Peter Hammond farfesa ne da ya yi ritaya daga jami'ar UCL ta Landan, inda ya yi shekaru yana koya wa kwamfuta gane alamun cututtukan gado daga siffar fuskar yara. Yana cikin wata ƙungiyar sa-kai da ke kare Kogin Windrush a yankin Oxfordshire.

Hammond ya yi amfani da dokar da ta ba kowa damar neman bayanan muhalli, ya karɓo alƙaluman ruwan da ke ratsa matatu, waɗanda ake rubutawa duk minti 15. A ranar da komai ke tafiya daidai, zanen alƙaluman na da siffar da aka sani: ya tashi da safe idan mutane sun farka, ya sauka da rana, ya sake tashi da yamma, ya kwanta da dare. A ranar da matata ke karkatar da ƙazanta, sai siffar ta sauya, saman zanen ya miƙe kamar an datse shi.

Ya koya wa kwamfuta bambance siffofin biyu. A binciken da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 2021, sun gano alamun zuba 926 da ba a taɓa bayar da rahotonsu ba, a matatu biyu kacal, cikin shekara 11.

Alƙaluman da ya yi aiki da su ba na sirri ba ne. Suna nan a ajiye a wurin kamfanonin, kuma hukuma na da ikon neman su a kowane lokaci.

A watan Nuwamban wannan shekarar, hukumar muhalli da Ofwat suka ƙaddamar da bincike a kan matatu fiye da 2,000, bayan wasu kamfanonin sun amsa cewa mai yiwuwa suna zubarwa ba bisa lasisi ba. A 2023 kuma BBC ta haɗa bayanan na'urorin da na saukar ruwan sama, ta gano alamun cewa kamfanoni uku, Thames da Wessex da Southern, sun yi zuba sau 388 a ranakun da babu ruwan sama a 2022. Matsin lambar ya ƙaru da shigowar mutane irin su Feargal Sharkey, tsohon mawaƙi kuma mai sha'awar kamun kifi, wanda ya mayar da batun abin tattaunawa a gidajen talabijin.

Su ma masu sa idon an same su da laifi

Me ya sa hukumar da ke da iko ta bari sai 'yan sa-kai ne suka gano? Wani ɓangare na amsar kuɗi ne. A shekaru goman da suka biyo bayan 2010, an zaftare fiye da rabin kuɗin da gwamnati ke ba hukumar muhalli don aikin kare muhalli. Ziyarar ba-zata ta ragu, gwajin ruwan koguna ya ragu.

Ɗaya ɓangaren kuma fassarar doka ce. Tun a watan Oktoban 2012 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa Birtaniya ta karya dokar tace ruwan ƙazanta a Landan da kuma garin Whitburn, tana mai cewa an yarda da zuba ce kawai a yanayin da ba a saba gani ba. A watan Disamban 2024, Ofishin Kare Muhalli, wanda aka kafa bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai don ya sa ido a kan gwamnati, ya cimma matsaya makamanciyar wannan. Ya ce ma'aikatar muhalli da hukumar muhalli da Ofwat dukkansu sun gaza bin doka, domin sun bari ana zuba a ruwan sama na yau da kullum.

Ma'ana, ƙofa na iya cika duk sharuɗɗan lasisinta, alhali lasisin kansa ne bai cika sharuɗɗan doka ba.

Ƙaton ramin Landan

Babbar amsar da Landan ta bayar ita ce ramin Tideway. Tsawonsa kilomita 25 ne, faɗinsa mita 7.2, ya bi ƙarƙashin kogin daga Acton a yamma zuwa Abbey Mills a gabas, inda ya haɗu da wani ramin da ke kai ruwan matatar Beckton. An fara aikin a 2016, aka kammala haɗa shi da tsofaffin magudanan a watan Fabrairun 2025, a kan kuɗi kusan fam biliyan 5 da masu biyan kuɗin ruwa ke ɗauka.

Aikinsa shi ne ya zama rumbu. Ruwan da a da zai tsallake katanga ya faɗa kogi, yanzu rami yake faɗawa, ya jira har ruwan sama ya ɗauke, sannan a zuƙo shi a tace. Kafin wannan aiki da gyare-gyaren da suka zo tare da shi, an ƙiyasta cewa tan miliyan 39 na ruwan ƙazanta ke shiga kogin a Landan a shekara. Masu aikin sun yi alƙawarin rage zubar da kashi 95 cikin 100.

Alƙawarin na yawa ne, don haka da ma'aunin yawa kawai za a iya tabbatar da shi, kuma kamfanin Tideway na wallafa adadin ruwan da ramin ya tare. Sai dai ramin bai kai Mogden ba, wadda ke can sama da inda ya fara, balle sauran dubban ƙofofin ƙasar.

Yadda Amurka ke nata awon

Amurka na da garuruwa kusan 700 masu irin wannan magudana, kuma ta bi wata hanya daban. A 1994 Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar ta fitar da tsarin da ya wajabta wa kowane gari matakai tara na gaggawa da kuma shiri na dogon zango. Daga cikin ma'aunan da gari zai iya zaɓa akwai kada zuba ta wuce sau huɗu a shekara a matsakaici, ko kuma a tare a tace aƙalla kashi 85 cikin 100 na ruwan da ke shiga magudana lokacin ruwan sama. Tsarin ya kuma ce bayan an gama gini, dole a ci gaba da gwada ruwan kogin don a ga ko ya gyaru da gaske.

Birane da yawa na aiki ne a ƙarƙashin yarjejeniyar da kotu ta sa wa hannu, mai wa'adi da tarar saɓawa. Birnin Washington ya shiga irin wannan yarjejeniya a 2005, yana kuma haƙa ramukan da ake sa ran za su rage zubar da kashi 96 cikin 100. A bakin kogunan birnin akwai fitilu: ja na nufin ana zuba yanzu, ruwan ɗorawa na nufin ba a daɗe da yi ba. A jihar New York kuma, doka ta ce a sanar da hukuma cikin sa'o'i biyu da gano zuba, a sanar da jama'a cikin sa'o'i huɗu.

Amfanin wannan tsari shi ne yana kallon yawa, yana kuma auna aiki da ruwan saman shekara matsakaiciya, don kada fari ko damina mai ƙarfi su ruɗa lissafi. Rauninsa shi ne yawancin adadin daga lissafin kwamfuta yake fitowa. A watan Janairun 2023 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya ce hukumar muhallin ba ta bibiyar ci gaban waɗannan shirye-shirye a matakin ƙasa yadda za a san ko ruwan na gyaruwa, kusan shekara 30 bayan kafa tsarin.

Abin da ya sauya, da wanda zai biya

A Ingila, matsin lambar ya haifar da sauye-sauye a jere. Dokar muhalli ta 2021 ta wajabta wa kamfanoni sanar da jama'a cikin sa'a ɗaya da fara zuba. Thames Water ya buɗe taswirarsa a intanet a watan Janairun 2023, a watan Nuwamban 2024 kuma aka buɗe ta ƙasa baki ɗaya, inda mai iyo ko masunci zai duba wayarsa ya ga ko ƙofar da ke kusa da shi a buɗe take. Dokar ta kuma tanadi na'urori a cikin kogin, sama da ƙasa da wurin zuba, don auna iskar da kifi ke shaƙa da sinadarin amoniya da gurɓacewar ruwan. Ƙwayoyin cuta irin su E. coli ba sa cikin abubuwan da za su auna.

A 2024 aka sanar da ƙara yawan ziyarar jami'an hukuma zuwa 4,000 a shekara, da burin kai wa 10,000. Wata sabuwar doka a watan Fabrairun 2025 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara biyu ga shugaban kamfanin da ya kawo wa bincike cikas, ta kuma ba da ikon hana manyan jami'ai garaɓasar ƙarshen shekara. A watan Yuni aka hana ta a kamfanoni shida. A watan Mayu, Ofwat ta ci Thames Water tarar fam miliyan 122.7, mafi girma a tarihinta, fam miliyan 104.5 daga ciki kan yadda yake tafiyar da ruwan ƙazanta.

A watan Yulin 2025 kwamitin da Sir Jon Cunliffe, tsohon mataimakin gwamnan Babban Bankin Ingila, ya jagoranta ya miƙa shawarwari 88. Gwamnati ta ce za ta rushe Ofwat ta kafa hukuma guda mai cikakken iko, za ta kuma kawo ƙarshen tsarin da kamfani ke gwada kansa da kansa.

Kuɗin gyaran daga aljihun jama'a zai fito. Ofwat ta amince kamfanonin su kashe fam biliyan 104 tsakanin 2025 da 2030, kimanin biliyan 12 daga ciki a kan ƙofofin tumbatsa, kuɗin ruwa kuma zai tashi da kashi 36 cikin 100 a matsakaici. Wannan ne ke ƙona wa mutane rai, domin kamfanonin da aka sayar babu bashi a 1989 sun raba wa masu hannun jari gomman biliyoyin fam, yanzu kuma bashin da ke kansu ya haura fam biliyan 60. Thames Water, mai hidima ga mutum miliyan 16, shi ya fi kowa nitsewa a ciki.

Gwamnati ta yi alƙawarin rage zubar da rabi nan da 2030 idan aka kwatanta da 2024. Shirin da aka fitar tun 2022 kuma ya ce nan da 2050 babu ƙofar da za ta zuba fiye da sau goma a shekara a matsakaici. A 2024 matsakaicin ya kusa sau 32.

A kowane watan Maris ake fitar da alƙaluman shekarar da ta gabata. Wanda ke son sanin ko alƙawarin na cika sai ya duba abu huɗu kafin ya yarda da kanun labari: yawan ruwan saman da aka yi a shekarar, na'urori nawa ne suka yi aiki ba yankewa, zuba nawa aka yi a ranar da sama ba ta zubo ba, da kuma ko an fara faɗin yawan lita a maimakon sa'o'i kawai.